Ɗakin Aman Rumawa

Ban taɓa zama a ajin makaranta ba. A gida Mama ta koyar da ni tun daga baƙaƙe, a gonarmu ta dankali da ke bayan gari a jihar Idaho. Shekarar da na cika sha shida muka shiga tarihin Rumawa. Mama ba ta wuce sakandare ba, amma kullum sai ta riga ni karanta babin da za mu yi, ta cika gefen shafin da rubutun fensir.

Duk Alhamis iyalai goma sha ɗaya masu karatun gida irin namu muna haɗuwa a zauren coci. A ƙarshen zango kowane ɗalibi zai tashi ya yi jawabi. Wannan karon an gayyato Malam Halvorsen, wani dattijo da ya yi shekara talatin yana koyar da Latin, harshen Rumawa, a jami'a kafin ya yi ritaya.

Na zaɓi liyafar attajiran Rum. A intanet na tsinci abin da nake ganin zai tashi zauren: wai suna da ɗaki na musamman, vomitorium, inda suke zuwa su yi amai idan sun ƙoshi, su dawo su ci gaba da ci. Da gudu na kai wa Mama labarin tana kwaɓa fulawa.

"Tabitha, a wane littafi kika gani?"

"Haba Mama, kowa ya san wannan."

"Ni ban sani ba. Ki duba kafin Alhamis."

Daga baya ta sake tambayata, na ce na duba. Ban duba ba.

Ranar na yafa farin zanen gado irin shigar Rumawa, na tsaya gaban mutane. Na yi bayanin yadda suke cin abinci a kishingiɗe, da miyar ruɓaɓɓen kifin da suke zubawa a komai. Da na zo kan ɗakin amai zauren ya kece da dariya, kaina ya kumbura. Sai Malam Halvorsen ya ɗaga hannu.

"'Yata, kin yi ƙoƙari. Sai dai wannan ɗakin babu shi. Vomitorium hanya ce a filin wasanninsu, wadda jama'a ke tuttuɗowa ta cikinta idan an tashi. Mutane da yawa suna wannan kuskuren."

A hankali ya faɗa, har da murmushi. Amma Corbin Pruitt, sa'ana da muka daɗe muna gasa, ya ɗaga murya: "To Farfesa Tabitha, mu ina za mu yi namu aman?"

Aka sake fashewa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Mamata ce ta koya mini haka. Ita ai ba ta je jami'a ba."

Mama tana tsaye a baya riƙe da faranti. Kwana biyu ta yi tana gwada wainar cuku da zuma irin ta Rumawa, don a ci bayan jawabina. Na ga iyaye mata suna satar kallonta.

"Haka ne, Malam," in ji Mama. "Aikina ne in duba, ban duba ba. Mun gode da gyara."

Ta shiga raba wainar, tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Har Corbin ta ba biyu.

A mota, da muka wuce gadar kogi, ta dube ni.

"Kin ji kunya a gaban mutane, na sani."

"Mama, ni..."

"Cire zanen nan daga ƙofa, ya maƙale."

Iyakar maganar ke nan. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Asabar Madam Pruitt, mahaifiyar Corbin, ta bugo waya. Ita tana da digiri. Ina jin Mama tana cewa, "To. To. Na gode, zan tambaye ta." Da ta ajiye ta ce, "Ta ce idan muna so za ta riƙa haɗa ki da Corbin a darasin tarihi. Wataƙila ya fi miki. Kina so?"

Da gaske take tambaya. Nan na fashe da kuka, na ce ba na so, na ce ƙarya na yi mata. Ta ce ta sani tun a zauren.

"To me ya sa kika ɗauka?"

"Da sai in ƙaryata 'yata a gaban mutum hamsin?"

Alhamis ta gaba, kafin a yi addu'ar buɗewa, na tashi na faɗi gaskiya: ni na tsinto labarin, Mama ta ce in duba, na yi mata ƙarya. Wasu sun ma manta da zancen. Madam Pruitt ta sunkuyar da kai. Malam Halvorsen ba ya nan, sai wasiƙa na rubuta masa. Ya amsa da layi uku, ya ce in gaida malamata.

Mama ta yafe mini, ba ta sake tada maganar ba. Amma wani abu ya canja. Idan muka zo kan kalmar Latin a darasi, sai ta ɗora yatsa ta ce, "Karanta mana, ke kika fi iyawa." Ba gatse take yi ba, kuma shi ya fi ci mini rai.

Sai da aka fara shuka dankali, muna kan yaƙin Rum da Kartaj, na ji ta karanta wani dogon suna da kanta. Ko daidai ta faɗa ko ba daidai ba, ban sani ba. Kaina yana ƙasa, ina rubutawa.