Layin Dogo a Falon Kawu

Kawuna ya tsinci wata tsohuwar taswira a akwatin kakanmu, ga tsaunuka da rafuka, ga layin dogon da aka tumɓuke tun kafin a haife mu. Ya yi ta aune-aune da zare, sai ya daka tsalle.

"Jama'a, ashe ta tsakiyar falon nan jirgi yake wucewa!"

Nan take ya ja layi da alli daga ƙofa zuwa taga, ya kafa doka: ba mai tsallakawa sai ya duba hagu da dama. Har surukinsa da ya zo gaisuwa sai da aka tashe shi, wai ya durƙusa a kan hanya.

Matar kawu ta zuba masa ido. Da rana ta yi, ya ƙwala kira yana neman abinci.

Ta leƙo daga kicin. "Yana nan, maigida. Ina jira jirgi ya wuce ne."

Kawu ya yi ta muzurai. Can ya ɗauko tsumma ya goge allin, yana gunaguni wai dama jirgin ba ya zuwa kan lokaci.