Sallamar Kififiya

Torika ba ta so shiga gidan kifin ba. Tun da suka baro Brisbane da safe take ce wa jikarta Miliana ta bar ɓata musu lokaci, macen da ta yi shekara saba'in tana buɗe ƙofa ta ga teku ba ta da abin kallo a kifin da aka zuba cikin gilashi. Amma Miliana ta gaji kafiyar kakarta kaf. Ta karya kan mota ta shiga wani garin bakin ruwa, ta ce Sydney da sauran nisa, ƙafafun tsohuwa kuma sun fara kumbura.

Ciwon ƙoda ne ya kawo Torika Ostareliya. Sau uku a mako ake ɗora ta a kan injin wankin jini, tsibirinsu can Fiji kuwa ko wutar lantarki sai an lallaɓa, balle inji. Yanzu ma gidan 'yarta ake mayar da ita, kusa da babban asibiti. Kowa ya san zaman ya zama na dindindin, ban da ita. Makullin ɗakinta na rataye a wuyanta da igiya, duk wanda ya bugo waya daga gida amsa ɗaya yake samu: "Ina tafe, ku dai kula min da gonar rogo."

Ba gonar ce ke cin ranta ba. A ƙauyensu mata ne ke kiran kififiya. Su hau dutsen da ya leƙa teku, su zauna su rera waƙa, sai ka ga ta taso daga ƙasa da ƙaton ƙoƙon bayanta ta shimfiɗe a kan ruwa tana saurare. Waƙar kira kowace mace ta iya. Baitin sallama, wanda ake mayar da ita gida da shi, mace ɗaya ke riƙe shi, daga kaka zuwa jika, kuma ba a koyar da shi a ɗaki, sai kififiya na gaban mutum tana ji. Wadda ta kira ba ta tashi sai baƙuwar ta tafi. Tun da Torika ta baro, ba wadda ta ƙara hawa dutsen, don ba mai sallama. Miliana kuwa a Brisbane aka haife ta, dutsen a hoto ta san shi.

Suka ratsa ta cikin wani dogon rami na gilashi, kifaye na wucewa ta saman kansu. Torika tana dogara sanda tana taɓe baki.

"Dubi wannan, ya yi ƙiba kamar ɗan majalisa. A gida da tuni yana cikin madarar kwakwa."

"Bubu, ki rufa mana asiri, mutane na ji," in ji Miliana. Bubu shi ne kaka a yarensu.

"Su ji mana. Yarenmu suka iya?"

A ƙarshen ramin ta tsaya cak. Bayan wani gilashi mai tsayin ɗaki, kififiya ce ke iyo a hankali, tana karkata gefe guda. Torika ta juyo ta dubi jikarta, yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Makira. Dama kin san tana nan."

"Kin ce sai tana ji ake koyarwa, Bubu. Ga ta, tana da kunne."

Da Torika ta tsaya ta yi tunani, da ta tambayi abu ɗaya kafin ta buɗe baki. Ba ta tambaya ba, kewar gida ta rufe mata ido. Ta cire takalma, ta dafa kafaɗar Miliana ta zauna a ƙasa, don ba a kiran babba a tsaye. Ta gyara zaninta ta soma rerawa. Masu yawon buɗe ido suka ɗaga wayoyi, Miliana ta watsa musu harara suka sauke.

Kififiyar ta juyo. Ko waƙar ce, ko ta ɗauka mai kawo abinci ce, wannan ba wanda zai iya rantsewa. Ta dai zo ta tsaya daidai fuskar tsohuwar, ido cikin ido. Hawaye suka zubo wa Torika. Ta matse hannun jikarta ta ce, "Buɗe kunnenki," ta rera baitin sallama: ki koma gida, uwa, hanya a buɗe take, naki suna jira.

Kififiyar ta juya ta tafi. Ta kai bangon can, ta bi gefensa, ta zagayo, ta dawo ta tsaya inda ta tashi.

Torika ta sake rerawa. Kififiyar ta sake tafiya, ta sake dawowa. Sai a lokacin tsohuwar ta lura hannun kififiyar ɗaya na gaba dungu ne. Miliana ta kira wata ma'aikaciya ta tambaye ta, sannan ta durƙusa ta faɗa wa kakarta a hankali: injin jirgin ruwa ne ya sare ta, shekara tara ke nan, in aka sake ta a teku ba za ta yi mako ba. Nan za ta ƙare.

Torika ta gane abin da ta yi. Ta kira wadda ba ta da inda za ta koma, abin da ba a taɓa yi ba a gidansu. Kunya ta kama ta, da tausayi, da wani tsoro da ta daɗe tana kauce masa.

"Bubu, mu tafi. Laifina ne."

"Ba a tashi a bar ta."

Ta rera na uku, na huɗu, na biyar. Mutane suka gaji suka wuce. Sanyin daɓe ya shiga ƙashinta, ƙafafun suka ƙara hawa. A na bakwai muryar ta tsinke a tsakiyar baiti, ta buɗe baki ba abin da ya fito sai iska.

Sai ta ji an ɗauka daga inda ta tsaya. Miliana ce, da harshenta na 'yan birni mai tauna kalmomi, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba. Maimaicin da tsohuwar ta yi ta yi ya zaunar mata da shi. Ta kai ƙarshe, ta koma farko ta rera shi cikakke. Kififiyar ta juya, ta nutse a karkace har ƙasa, ta shige bayan wani dutsen siminti ta kwanta. Suka jira, ba ta fito ba.

Torika ta tafa hannu sau uku, tafin girmamawa. Ta juya ga jikarta.

"Kin ja wuri na biyu da yawa, kamar mai kiran akuya. Matan gida za su yi miki dariya."

"Sai ki gyara min in mun je."

Tsohuwar ta sa hannu a wuya ta zare igiyar, ta damƙa wa jikarta makullin, ta rufe mata yatsu a kai.

"Ki tafi a hutunki na Kirsimeti. Ki hau dutsen da safe, ki tara su, ki ce Torika ce ta aiko ki."

"In sun tambayi yaushe za ki zo fa?"

"Ki ce su raba rogon."