Garin da Ƙuri'a Ta Tsallake

Ni na goyi Ja'afar, kuma ba goyon wasa ba. Shi ne autanmu, ni ce babba. Duk shekarar da kogi ya cika ya raba Garin Kolo da makarantar da ke tsallake, a wuyana yake zama, littattafansa a kansa, ni ina laluben ƙasa da ƙafa. A lokacin iyakar ruwan ƙirjina. Yanzu kuwa kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ta mai da ambaliyar tafki guda, ko ƙato ba ya tsallakawa. Ƙananan jiragen masuntanmu ba sa iya dogon zagayen kacalar, kuma da asuba suke fita neman abinci. Daga tsakiyar damina har a yanke shinkafa yaranmu suna gida.

Ja'afar ya yi karatu har ya zama dakta, amma ba na allura ba, na tattalin arziki. Ranar da na tambaye shi me yake warkarwa, sai ya gyara zama ya ce shi aikinsa gano abin da ke sa wata ƙasa ta ci gaba wata ta tsaya. Wai manomi biyu, gona iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, amma wanda ya yi karatu ya fi girbi, domin ya san awon taki, ya san lokacin sayarwa. Wai babban jarin ƙasa shi ne abin da aka zuba a kan yaranta.

Na ce, "Auta, wannan ne ka tafi shekara da shekaru nema? Da ka tambaye ni na gaya maka, ka huta da kuɗin mota."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, sani daban, hujja daban. Masu mulki hujja suke so."

To, hujjar ce ta kawo shi gida. Ya samo tallafin bincike daga wata ƙungiya: za a ba wasu garuruwan fadama jirgin ruwa mai inji da zai riƙa kai yara makaranta lokacin ambaliya, a bar wasu haka nan, a yi damina uku ana gwada yaran duka. In an ga bambanci, gwamnati za ta saya wa kowa. Jiragen ba su isa ba, rabin garuruwan ne kawai za su samu.

Ni ko a jikina. Ɗan gari ne ke rabo, me zan ji? Har na yi wa 'yata Bashira albishir. Ita ce ta uku a ɗakina, a shekarar ta shiga ƙaramar sakandare, kuma kan kawunta ta ɗauko sak. Yarinyar da ke yi wa babanta lissafin buhunan shinkafa da ka kafin ya gama lanƙwasa yatsu. Burinta ɗaya ne, ta ci jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana bayan aji uku. Ƙawarta Umaima ta Zangon Bakari, garin da ke gabas da mu, ajinsu ɗaya, wurin Bashira take zuwa ta koya mata lissafi.

Ana gobe rabo Ja'afar ya shigo da la'asar, na zuba masa dambun kifi. Yana ci yake gaya mini wai ƙuri'a za a yi.

Na ce, "Ƙuri'a ta sauran garuruwa dai ko?"

"Har da namu, Yaya."

Na ajiye ludayi. "Maimaita, ban ji ba."

Ya ce in shi ya zaɓa da hannunsa, za a ce ya ɗauki garuruwan da yaransu dama suka fi ƙoƙari, ko ya yi son kai, binciken ya lalace, babu wanda zai yarda da shi, kuma babu garin da zai ga jirgi bayan an gama. Na ce gari ɗaya tak, wa zai sani? Ya ce shi zai sani. Wallahi na wanke shi tas. Na tuna masa wuyan da ya hau, na tuna masa ƙayar da ta shige mini ƙafa a cikin ruwa ina ɗauke da shi. Ya sunkuyar da kai yana ji har na gama, sannan ya ce, "Ki yi mana addu'a ta faɗo a kanmu."

Washegari aka taru a Guri, hedkwatar ƙaramar hukumarmu, bulamomi, wato dagatai, a gaba, mu mata a baya. Aka rubuta sunayen garuruwa, aka nannaɗe, aka zuba a ƙwarya, wani tsohon limami yana zarowa ana karantawa. Aka kira Zangon Bakari, matansu suka rangaɗa guɗa. Aka yi ta kira, ina ƙirga numfashina, har limamin ya janye hannu. Namu yana cikin ƙwarya. Na hango Ja'afar ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Zan faɗi gaskiyarsa, bai yi shiru ba. A makon ya zo ya roƙi maigidana, Malam Sa'idu, ya ba shi Bashira ya kai ta Haɗeja wurin surukansa ta yi karatu a can. Malam Sa'idu ƙanin Bulaman garinmu ne. Ya ce da wane ido zai kalli mutanen gari, an bar 'ya'yansu a ruwa an tsame tasa? Ya ce abin da ya samu yaran Garin Kolo shi zai samu Bashira. Na yi magana, na yi kuka, na yi yaji na kwana biyu na dawo, bai sauya ba.

Ruwa ya zo a kan lokacinsa. Kullum da safe muna jin ƙarar injin jirgin Zangon Bakari yana wucewa ta bayan kacala. Ba ma ganinsa, sai ƙarar da hayaniyar yara. Bashira takan sa kayan makarantarta ta zauna a kan turmi da littafi, wai kada ta saba da zama. Damina ta farko haka ta yi ta yi. Da ruwa ya janye ta koma aji, ta tarar an yi nisa, ta dage ta kamo su da ƙyar.

Damina ta biyu ruwan ya fi na bara, ya kuma daɗe. Ta koma ta tarar da lissafin da ake yi da haruffa, an wuce farkonsa tana gida. Malamin ya ce ba zai koma baya saboda yaran gari ɗaya ba. Ranar ta dawo ta ce mini, "Inna, yau Umaima ce ta koya mini." Tana faɗa tana murmushi, ni kuwa na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk ƙarshen shekara sai Ja'afar ya zo da mutanensa su gwada yaran garinmu. Su shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, su raba tambayoyi, su tattara, su tafi. Jirgi babu, amma awo ba ya fashi. Na ce masa, "Kai dai ka zama mai auna ciwo, ba ka ba da magani." Yakan kawo wa Bashira littattafai, ya zauna da ita yini guda yana nuna mata, amma yini guda ba ya cike wata uku.

A damina ta uku ba ta ƙara sa kayan makaranta ta hau turmi ba. Ta fara taya ni turara shinkafa, sana'ar da nake yi. Jarrabawa ta zo, ta je ta rubuta. Da sakamako ya fito Umaima ta ci, aka kai ta makarantar kimiyya da akwatinta sabo. Sunan Bashira bai fito ba. Ba ta yi kuka a gabana ba, ta ninke kayan makarantar ta ba ƙanwarta Zainaba.

Bayan wata biyar Ja'afar ya zo, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya ce an gabatar da binciken, an karɓa, an amince za a saya wa kowane gari jirgi, namu yana cikin na farko. Ya faɗe shi kamar mai isar da ta'aziyya. Malam Sa'idu ya yi hamdala ya tashi ya fita, domin shi ma ya san abin da ya yi.

Bashira tana bakin murhu. Ta goge hannu ta matso ta ce, "Kawu, nuna mini abin da kuka gano."

Ya buɗe kwamfutarsa. Zane ne mai sauƙi, ko ni na gane: layi biyu sun taso daga wuri ɗaya, ɗaya ya yi sama, ɗaya ya kwanta yana jan ciki. Ya ce na saman yaran da suka samu jirgi ne, na ƙasan waɗanda ba su samu ba. Ya ce ratar da ke tsakaninsu ita ce ta gamsar da masu mulki.

Ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa a inda layukan suka haɗu. "A nan ni da Umaima muke tare."

"E."

Ta bi na ƙasan da yatsa har ƙarshensa. "Da a ce mun yi ƙoƙari mun kamo su, da ba a ga rata ba ko?"

Ja'afar ya kawar da kai daga kwamfutar.

"Da ba a sayi jirgin ba," in ji ta. Ta gyaɗa kai kamar yadda take yi in lissafi ya fita daidai. "To, ashe faɗuwata ta yi amfani."

Ban taɓa ganin ƙanina yana kuka ba tun yana wuyana, sai ranar. Ya kama hannunta ya ce ta shirya, ko babanta ya yarda ko bai yarda ba zai tafi da ita Haɗeja, ta maimaita aji, ta sake jarrabawar. Ta ce, "Kawu, na gwada buɗe littattafan da ka kawo. Ina kallonsu, ba sa shiga. Da can kafin a gama tambaya na ga amsa. Yanzu ba na ganin komai." Ya ce kan nata zai dawo, lallai zai dawo, ya rantse mata. Ta zare hannunta a hankali ta ce shinkafarta za ta kama.

Na raka shi bakin mota. Na zo da maganganu cike da baki, irin waɗanda na tara shekara uku, amma da na dube shi sai na rasa wadda zan fara da ita. Ya ce, "Yaya, yara dubbai za su yi karatu." Na ce na sani, kuma Allah ya saka masa. Na ce amma ni guda ɗaya na roƙe shi. Har yau yana aiko da saƙo a kan maganar Haɗeja, har yau amsar Bashira ɗaya ce, a gaishe shi.

Jirgin ya iso farkon daminar bana, shuɗi, da rigunan ruwa na hana nutsewa masu ruwan lemo. Gari ya fita kallo, har da masu kiɗa. Raina ya kasu biyu, ina murna ina jin kamar in zauna a ƙasa in yi ta kuka.

Da safen farko Bashira ce ta yi wa Zainaba wanka, ta sa mata kayan nan da ta ninke, ta naɗe mata hannun rigar domin ya yi mata tsawo. Ta riƙe ta har bakin ruwa, ta ɗaga ta ta sa a jirgi, ta ɗaure mata rigar ruwa, ta ce ta zauna a tsakiya. Ba ta jira tashinsu ba. Ina tsaye a ƙofar gida ta wuce ni ta koma bakin murhu.

Da injin ya tashi, a bakin garinmu wannan karon, na juya na dube ta. Ta ba ruwan baya, ta durƙusa tana tura itace a wuta, wutar da dama tana ci.