Yashi Kafin Shanu

Ranar kasuwar Janbako ce, kuma ranar farko da motata za ta ɗauki shanu. Ni Atiku, ɗan mahauta ne a Talata Mafara, wuƙa na gada ba mota ba. Ɗana Sahabi ne ya yi ta matsa mini har na sayi tsohuwar roka, babbar motar ɗaukar kaya, shi ke tuƙa ta. Tun daga gida bakina bai rufu ba don murna.

Alhaji Manu, babban dillalin shanu, ya yi mini alkawari: in shanunsa suka isa Mafara da ƙafafunsu, lodinsa na bana duk namu ne.

Da muka isa kasuwar, muka gaisa da shi har da tambayar iyali da ruwan bana. Sannan ya taka taya ya leƙa cikin motar. Ya daɗe yana kallo.

"Atiku, wanga ɗakin amarya ne ko mota? Ina yashi?"

Na leƙa. Daɓen ƙarfen sai ƙyalli yake. Ashe jiya da Sahabi ya ɗauko shinkafa daga Bakura, manoma sun sa shi ya share ta tas, shi kuma ya ƙara da wanki. Saniya ba ta iya tsayuwa a kan ƙarfe. In ba a shimfiɗa yashi ba, ramin farko za ta zame, sauran su tattake ta.

"Baba, na ga ta fi kyau haka," in ji Sahabi a hankali.

"Kyau za mu ci?" na ce masa.

Manu ya nuna wata mota da ke jira a gindin tsamiya. "In na gama cinikin bijimin can ba ku shirya ba, waccan za ta ɗauka."

Na faɗa gaba, Sahabi ya ja mu zuwa busasshen rafin bayan gari. Shebur ɗaya gare mu. Na tuɓe babbar rigata ina ɗiba da ita. Mahautan Mafara da suka zo sayayya suka biyo mu a kan babura, wani da daro, wani da buhu, suna yi mini tsiya.

"Alhajin mota, yau kai ne lebura?"

Dariya nake ina haki, idona yana kan hanyar kasuwa.

Da muka dawo, mun tarar Manu riƙe da igiyar bijimin, ɗaya direban har ya buɗe ƙyauren motarsa. Manu ya hau tamu, ya nutsa ƙafa cikin yashin, ya murza da diddige.

"A hau da su," ya ce.

Duk ramin da muka faɗa a hanyar Maradun sai na leƙa baya ta taga.

"Baba, mayar da kanka ciki, suna tsaye."

Suna tsaye kuwa, har Mafara. Da aka sauke ta ƙarshe, Manu, da ya biyo mu a baya, ya ce mu zo kasuwa mai zuwa. Na juya, sai ga Sahabi ya ɗauko tsintsiya. Na karɓe ta na sa a hammata.