Garejin Malama

Wata tela, maƙwabciyar Malama, tana cikin juya ta a kan katifa, don kada bayanta ya yi gyambo, sai ta ji sallamar mai makarantar kuɗin da ke tsallaken titi.

"Wai dubiya ya zo," in ji ta. "Ƙafarsa ba za ta taka ɗakin nan ba."

"Ƙanwata, bar shi ya shigo," Malama ta ce da karkataccen bakinta. "Na gaji da riƙo."

"Ke kika gaji, Yaya. Ni yanzu na fara."

Ta fita ta ce masa mara lafiya tana barci, ta rufe ƙofar kafin ya gama cewa Allah ya sawwaƙe.

Shekara biyu ke nan da wata ƙungiya ta ba Malama ɗan tallafi don ta wayar da kan iyaye cewa ƙaramin yaro da wasa yake koyo, ba da zaman benci da bulala ba. Ta share garejinta, ta zuba yashi a manyan robobi, ta tara marafan kwalba da guntayen katako da kafinta ya goge mata. A nan 'yar tela, wadda ta kai shekara huɗu ba ta haɗa kalma biyu, ta fara surutu har sai an ce ta yi shiru. Iyaye suka soma janye 'ya'yansu daga ajin renon mai makaranta. Shi kuwa ya rubuta wa hukuma ƙorafi, aka zo aka garƙama wa garejin kwaɗo. A makon ne hawan jini ya kayar da Malama, ɓarin jikinta ya shanye.

Kwana uku bayan zuwansa, da hantsi, tela tana ba Malama ruwa da cokali, ruwan ya dawo ta gefen baki. Ta kira ta sau biyu. Sannan ta ajiye kofin, ta shafe mata ido.

Da mako ya zagayo, jami'ar ƙungiyar ta zo ta'aziyya. Tsakar gida cike yake da maƙwabta. Sai ga mai makaranta ya matso da kujerarsa kusa da ita.

"Ai ni da marigayiya tafiyarmu ɗaya," ya ce. "Har aji na sa an yi wa fenti. In kun mayar da tallafin wajenmu, aikinta ba zai mutu ba."

Jami'ar ta ɗauko biro. Tela ta miƙe, ta shiga gidanta, ta jawo aljihun keken ɗinkinta. Ranar da aka rufe garejin, ma'aikatan hukuma sun bar wa Malama kwafin ƙorafin, ita kuma tela ta karɓa ta adana.

Ta tsaya a tsakiyar mutane ta karanta, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba: tsohuwa ce da ta ruɗe, tana tara yara cikin datti, tana yaudarar iyaye da tarkacen bola. Ta miƙa wa jami'ar.

"Ga sa hannunsa a ƙasa. Tambaye shi ko nasa ne."

"Haba, baiwar Allah," ya ce a hankali. "A gidan rasuwa?"

"Da ka rubuta, ina kake tsammanin za a karanta?"

Jami'ar ta mayar da bironta jaka. Babu wanda ya kalle shi lokacin da ya lalubi takalmansa. Mata biyu da ke da yara a makarantarsa suka haɗa ido.

Tela ta zaci za ta ji sanyi a ranta. Da mutane suka watse ta zagaya bayan ɗaki, ta tarar da zanen Malama da ta wanke tun ranar da ta cika, yana nan a kan igiya, ya bushe ƙayau. Ta sauke shi, ta ninke gida huɗu, ta tsaya da shi a hannu, ba ta san inda za ta ajiye ba.