Akwatin Barborka

Su biyu ne kacal a ƙaramin gidan da ke jikin ganuwar lambun fadar Kamenov: tsoho Bohumil, kafintan fada, da jikarsa Vendula, 'yar shekara tara. Ba su rasa abin kaiwa baka ba. Akwai dankali a ɗakin ƙasa, akwai itacen murhu jibge har bakin taga, tuffa kuwa ta yi albarka a wannan shekarar har ana aika wa maƙwabta. Abin da suka rasa shi ne Radmila, 'yar Bohumil kuma mahaifiyar Vendula, wadda ta tsallaka iyaka zuwa Ostiriya tun watan Afrilu tana jinyar wata tsohuwa da ba ta iya tashi. Mahaifin yarinyar ya rasu tana jaririya, don haka ba ta san kewarsa ba. Kewar uwa ce ta sani.

Ranar tafiyar, a tashar bas da ke gindin hasumiyar agogo, Radmila ta durƙusa ta gyara wa 'yarta wuyan riga, ta ce za ta dawo kafin a rufe Barborka.

Barborka mutum-mutumi ce ta dutse, mace riƙe da tulu, tana tsaye kusa da ƙofar lambu tun kusan shekara ɗari uku. Wasu sojoji da suka taɓa yada zango a fadar ne suka gutsure mata hanci, daga baya wani ya maye gurbinsa da siminti, ya fito kamar ƙaramin dankali. Su bakwai ne irinta a lambun. Kowace shekara, idan aka rufe fada ga baƙi a ƙarshen Oktoba, sai Bohumil da abokin aikinsa Ferda su bi su ɗaya bayan ɗaya suna kifa musu akwatunan katako, kada sanyi ya taɓa su. Barborka ce ta ƙarshe, kullum.

Da aka fara aikin, Vendula ta daina tsayawa wasa a kan gadar dutse idan an tashi makaranta. Sai ta wuce lambu da gudu ta ƙirga. Ranar farko aka rufe mutum-mutumin Maharbi. Kashegari aka rufe tagwayen da ke bakin matakala. Ranar Lahadi mahaifiyarta ta bugo waya, ta ce jikin tsohuwar ya rikice, kuma matar da za ta karɓe ta aiki ta fasa zuwa, amma tana nan tana ƙoƙari. Vendula ta riƙe kalmar nan ta ƙoƙari, ta kai ta har makaranta ta dawo da ita. Ta lissafa a yatsu: saura uku, saura biyu. Ran Talata sai Barborka kaɗai ta rage a fili, ganyaye masu ruwan zinariya sun taru a ƙafafunta.

Kowane akwati yana da jakar ƙusoshinsa, dogaye, na maƙera, waɗanda mahaifin Bohumil ya sa aka ƙera, kuma na wani ba sa shiga ramin wani. Vendula ta san inda ake rataye su. Da yamma ta ɗauke jaka ta bakwai, ta shiga zauren fada, ta cusa ta can ƙasan babban akwatin takalman ulu da baƙi ke zurawa a kan nasu don kada su kankare daɓe. Ba mai buɗe wannan akwatin sai Afrilu.

Da safe aka nemi jaka aka rasa. Ferda, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya dafa tumbinsa yana dariya.

"Tsufa ya zo, Bohumil. Bara tabarau muka nema, bana ƙusa. Baɗi wandonka za mu nema."

"Kai da rabonka da ganin ƙafafunka shekara goma, kai ne za ka koya mini neman abu?"

Ferda ya ce a ɗaure allunan da igiya a huta. Bohumil ya ce Barborka ba buhun kabeji ba ce. Yana maganar ne idonsa na kan hannun rigar jikarsa, inda zare-zaren ulu masu launin toka suka manne. Ya dai ce a bari zuwa Juma'a, wataƙila jakar ta fito da kanta.

Laraba ta wuce, bas ɗin ƙarfe huɗu ya sauke mutum biyu da kare ɗaya. Alhamis aka wuni ana yayyafi. Vendula ta tsaya a ƙarƙashin hasumiya har bas ya juya ya tafi, sannan ta koma gida ta sha miyar dankali ba tare da ta ji ɗanɗanonta ba.

Ran Juma'a da sassafe ciyawar lambu ta yi fari fat, raɓa ta daskare a kanta. Bohumil ya ce ta ɗauki jakar makarantarta su bi ta lambu. Ya tsaya a gaban Barborka, ya zura hannu cikin tulun, ya fito da ƙanƙara faifai guda, ya miƙa wa yarinyar. Sanyinta ya ƙona mata tafin hannu. Daga nan ya ja ta zuwa akwatin Maharbi, ya zare ƙusa biyu, ya buɗe allon gaba. Ta sha ganin Maharbi, ta san ba shi da hannun dama, amma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ta ɗauka shi ma aikin sojoji ne.

Bohumil ya ce ba sojoji ba ne. Bayan yaƙi masu fadar suka tafi, masu kula da lambu suka watse, aka yi sanyi uku ba wanda ya rufe kowa. Wannan dutsen, in ji shi, yana shan ruwa kamar burodi a miya. Ruwan ya shige ciki, sanyi ya daskarar da shi, ya kumbura, dutsen ya tsage daga ciki ba tare da kowa ya ji ƙara ba. Mahaifinsa ne ya tsinci hannun a cikin ciyawa, kuma a shekarar ya sassaƙa akwatunan nan. Ya ɗora yatsanta a kan tsagar da ta bi kafaɗar Maharbi har ƙirji. Sannan ya ce rediyo ta faɗa cewa daren yau zai fi na jiya.

Vendula ta ɗago ta dubi kakanta, wanda take kira Deda.

"Deda, Mama ta ce kafin a rufe."

"Na ji, Vendulka. Ina tsaye a wurin."

"Idan muka rufe, ta yi ƙarya ke nan."

"Idan ba mu rufe ba fa, za ta zo?"

Tsohon ya mayar da allon, ya zura ƙusoshin a hankali, yatsunsa sun yi ja don sanyi.

"Kina tsammanin ke kaɗai ke duba bas ɗin ƙarfe huɗu? Daga tagar ɗakin aikina ana ganin tashar sarai. Kwana biyun nan da na bari, ba don ke kaɗai ba ne."

Da aka tashi makaranta, ta shiga zaure ta tono jakar. Ferda ya karɓa, ya karkaɗe ulun, ya buɗe baki zai yi magana, Bohumil ya dube shi, sai ya ce lallai ɓerayen fadar nan sun iya ajiya. Suka goge cikin tulun da tsumma har ya bushe. Kafin a ɗora allon gaba, Bohumil ya gaya mata cewa lokacin da mahaifiyarta take kamarta, takan jefa ɗan itacen kashtan guda, mai kama da goro, a tulun ranar rufewa, ta zo ta ɗauka ranar buɗewa, ya yamutse kamar fuskar tsohuwa. Vendula ta laluba aljihu, inda ba a rasa 'ya'yan kashtan masu sheƙi a wannan lokacin. Ferda ya ɗaga ta sama. Ta saka biyu. Da hannunta ta zura ƙusa ta ƙarshe, kakanta ya ƙarasa ta da guduma.

Ranar Lahadi da wayar ta yi ƙara, ita ta riga ɗauka. Ba ta jira a tambaye ta ba, ta ce an rufe Barborka, kuma akwai kashtan biyu a tulu. A can ɗaya gefen ta ji tarin tsohuwar nan daga nesa, da ƙarar cokali a jikin kofi. Sannan mahaifiyarta ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, kada kowa ya taɓa nata kashtan ɗin.

Vendula ta miƙa wa kakanta wayar, ta je taga. Akwatuna bakwai suna tsaye a lambu cikin hazo. Ta gane cewa mahaifiyarta ba za ta zo a wannan sanyin ba, kuma ba mantawa ta yi ba, kuma su biyu ne suke jira a gidan, ba ita kaɗai ba.