Ɗakin Sanyin Kawu Maeng

Ruwan ya kai wa Sungbe gwiwa, amma ko tsikar jikinsa ba ta tashi ba. Kaka ta shigo, jiya aka gama bikin girbi na Chusok, teku kuwa kamar ruwan da aka sirka wa jariri. Ya ja tsaki, ya dubi mahaifinsa Dukchil da ke jibga raga a jirgi.

"Baba, taɓa ruwan nan mana."

"Tun ba a haife ka ba nake taɓa shi. Miƙo igiya."

"Wannan ai shayi ne! In muka shimfiɗa ragar yau, irin da ke jikinta narkewa zai yi. An faɗa a taron sauyin yanayi, a jira mako uku."

"Taron otal? Wanda aka sa lokacin da ruwa ya janye, kowa na cikin taɓo yana neman na abinci? An ba ku kek?"

An ba su kek ɗin kuwa.

Ragar nan ita ce shekararsu sukutum. Irin gim, ciyawar tekun da suke nomawa, yana manne a zarenta. Sau ɗaya ƙungiyar manoma ke rabonsa, daidai lokacin bikin, kamar yadda aka gada. Ba ya jure kwanaki a tudu sai a ɗakin sanyi. Ɗakin sanyi kuwa ɗaya ne a ƙauyen, na Kawu Maeng.

"Ba ni zuwa la'asar, Baba."

Tsohon bai ɗago ba.

* * *

Kawu Maeng na zaune a ƙofar masana'antarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Da ganin Sungbe ya ɗaga waya.

"Zo ka gani, ɗan boko. Na'urata da ke cikin teku ce ke aiko mini zafin ruwa. Ka ga jan nan? Duk wanda ya shimfiɗa raga yau, mahaukaci ne."

"Shi ya kawo ni, Kawu. Ɗan lungu kawai a ɗakin sanyinka, mako uku."

"Matsalar tsofaffinmu ke nan, ba wayewa. Duniya na ƙonewa, su suna duba kalandar kakanninsu. An kira taro, mutum nawa suka zo?"

"Kawu, lungun..."

"Ya cika. Rabi ragata, rabi kifin masu otal." Ya sosa kunne. "Ai na faɗa wa babanka shekaranjiya. Har sau biyu ya zo, har da kwalbar giya. Bai gaya maka ba?"

Sungbe ya tsaya. Injin ɗakin sanyin na ta gurnani a bayan bango, yana feso masa iska mai zafi a ƙafa.

Ashe mahaifinsa ya san ruwan bai yi sanyi ba. Mutumin da ko gishiri bai taɓa roƙa a maƙwabta ba, ya zo nan ya sunkuyar da kai, sau biyu. Shi kuma Sungbe tun safe yana karanta masa abin da ya jiyo a otal.

Da ya koma bakin ruwa, ya tarar an gama lodi.

"Malamin taro ya dawo," in ji Dukchil. "Me suka ce a yi wa wanda ba shi da firiji?"

"Ba su zo wajen ba."

"To, hau."

Tsohon ya tsiyaya wa teku giyar shinkafa kamar kowace shekara, suka shimfiɗa ragar.

* * *

Bayan mako uku suka ɗago ta. Inda ya kamata a ga baƙin gashi mai sheƙi, sai wani jan yauƙi da ke sulɓewa tsakanin yatsu, yana wari.

Jiragen Kawu Maeng suka wuce su a jere, raga na tururin sanyi a kansu. A jikin na gaba an ɗaura ƙyallen da aka raba a otal, an rubuta: Mu Farka, Teku na Ɗumama. Igiyar ruwan da suka tayar ta girgiza ƙaramin jirgin.

Dukchil ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu a ruwa har gwiwar hannu. Ya daɗe a haka.

"Ya yi sanyi," ya ce a hankali. "Yau ce ranar."

Ya goge hannun a wando, ya ci gaba da jawo ragar.